Wat Nawa, Minti Nawa: Lissafin da Ya Kamata Mai Kwamfuta a Kademi Ya Yi Kafin Sayen UPS

A Kademi, kamar sauran manyan garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi, kwamfutar tebur ta zama abin neman abinci. Da ita ake buga katin ɗaurin aure da takardar cinikin gona, da ita malamai ke haɗa sakamakon ɗalibai a ƙarshen zango, da ita ake cike takardun neman aiki da na neman gurbin karatu a intanet. Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, sannan a Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, ƙafar jama'a ba ta ɗauke daga shagunan kwamfuta ba, domin kullum akwai takardar da za a duba ko a buga. Da yawa daga cikin na'urorin da ke wannan aiki 'yan gwanjo ne, HP ko Dell da suka gama wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka, aka sauke su a Legas, suka iso titin Beirut ko kasuwar Sabon Gari a Kano, daga can aka ɗauko su a mota ta hanyar Wudil. Injuna ne masu juriya, sai dai suna da rauni guda wanda laftof ba ta da shi: babu batir ɗin da zai riƙe su. Wuta na ɗaukewa, su ma sun ɗauke.

Asarar da ake yi a wannan ƙiftawar ido ta wuce shafin da ba a adana ba. Tsohuwar kwamfuta tana ajiye bayananta ne a kan faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, kuma idan wuta ta yanke tana tsaka da rubutu a kansa, fayil na iya lalacewa, wani lokaci ma Windows ɗin ta ƙi tashi gaba ɗaya, musamman in yankewar ta same ta tana sabunta kanta. Ga mai shago, wannan yini ne guda ba ciniki, ga kuɗin mota zuwa wurin mai gyara a Gaya ko Wudil, ga kunyar bawan Allah da ya bar aikinsa zai dawo karɓa bayan la'asar. Maganin wannan shi ne UPS, ƙaramin akwati mai batir da ake sa wa tsakanin soket da kwamfuta. Akwatin wutar da ke cikin kwamfuta yana iya riƙe ta na kimanin kashi 16 cikin dubu na sakan bayan wuta ta yanke, shi kuwa UPS mai lafiya yana juyawa kan batir cikin abin da bai kai kashi 10 cikin dubu na sakan ba. Kafin kwamfutar ta ji an ɗauke wuta, an riga an tallafe ta.

Inda ake samun matsala shi ne wajen saye. Mai kwamfuta yakan shiga shago ya ce a ba shi mai ƙarfi, mai kaya ya jero masa kwalaye, wannan an rubuta masa 650VA, wancan 1200VA, na gefe 1500VA ko 2000VA, sannan a bar aljihu ya yanke hukunci. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki mafi araha ya jona masa duk abin da ke shagon. Mai hali ya ɗauki mafi girma da zaton zai riƙe shi daga azahar zuwa magariba. Dukansu biyu sukan dawo da ƙorafi iri ɗaya, wai kayan yanzu ba su da aminci. A ganina lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali ita ce mafi ƙarancin amfani wajen wannan zaɓi. Tambayoyi biyu ne ke yanke magana, kuma amsarsu tana shagon mai saye tun kafin ya hau mota zuwa Kano: wat nawa kayan da za a jona suke ja, kuma minti nawa ake bukata tsakanin ɗaukewar wuta da mataki na gaba, ko tayar da janareta ko adana aiki a kashe na'ura cikin natsuwa. Wanda ya tafi kasuwa da waɗannan lambobi biyu a takarda ba zai sayi abin da ya gaza ba, kuma ba zai biya kuɗin abin da ba zai amfana da shi ba.

A fara da lambar kwalin. VA sakamakon ninka bolt da amfiya ne, wato dukan wutar da ke kai da kawo a cikin waya. Wat kuwa shi ne abin da ya zama aiki na zahiri a cikin na'ura. Bambancinsu kamar na buhun gyaɗa mai ɓawo ne da ɓararriyar da za a samu a cikinsa: buhun ya cika, amma abin da zai shiga injin matsar mai bai kai haka ba. A ƙananan UPS da suka cika kasuwanninmu, wat ɗin da ake samu kimanin kashi 60 cikin 100 ne na VA ɗin da aka rubuta. Mai 650VA yana ɗaukar wat 360 zuwa 390, mai 1200VA wajen wat 720, mai 1500VA wajen wat 900. Kamfanonin da suka san mutuncin kansu suna rubuta lambobin biyu, ko da yake wat ɗin yakan ɓoye da ƙananan haruffa a bayan akwatin kusa da inda waya ke shiga. Idan aka juya akwatin aka duba ko'ina ba a ga an rubuta wat ba, wannan kaɗai ya isa dalilin mayar da shi kan kanta.

Sai kuma abin da kwamfutar ke ja, kuma a nan akwai kuskuren da har wasu masu gyara ke faɗawa ciki. Idan aka buɗe murfin kwamfuta za a ga takarda manne a jikin akwatin wutarta an rubuta 240W ko 300W, sai a ɗauka abin da take sha ke nan. Wannan lamba iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa ne idan an ƙure shi. Kwamfutar ofis da ake buga rubutu da shiga intanet da ita takan tsaya ne tsakanin wat 60 da 120, ƙananan nan na zamani masu girman littafi ma ba sa kai haka. Siririn allo mai inci 19 zuwa 22 yana jan wat 20 zuwa 30. Tsohon allo mai ƙaton ƙeya, wanda har yanzu ake gani a wasu makarantu, yana iya jan wat 70 zuwa 100 shi kaɗai, ya kusa cin abin da kwamfutar kanta ke ci. Na'urar rarraba intanet ba ta wuce wat 10. A ɗauki shago mai kwamfuta guda: wat 100 na kwamfuta, 25 na allo, 10 na intanet, jimla 135. A ƙara rubu'i a kai saboda fizgar da na'ura ke yi lokacin tashi da kuma tsufan batir, ya zama kusan 170. Wannan bai kai rabin abin da UPS mai 650VA ke ɗauka ba, saboda haka ta fuskar nauyi ya wadatar har da rara. Idan kwamfutocin biyu ne, jimlar ta kai 260, da rubu'inta ta haura 320, kuma a nan mai 650VA ya zo bakin iyakarsa. Zai iya ɗauka, amma na ɗan lokaci ƙalilan kuma cikin wahala, don haka mai 1000VA ko 1200VA ne ya dace. Wanda ke son tabbaci fiye da ƙiyasi zai iya samun ƙaramin ma'aunin wat da ake sokawa a soket, ko ya kira mai aikin wayarin ya auna masa amfiya da mitarsa yayin da komai ke aiki, ya ninka da 230, wato bolt ɗin wutar Najeriya, sai dai abin da zai samu VA ne, ba wat ba.

Akwai kayan da bai kamata su shiga wannan lissafi ba sam, domin bai kamata su taɓa UPS ba. Na farko ita ce firinta mai hoda, wadda kusan kowane shagon buga takardu ke da ita. A cikinta akwai abin ɗumama da ke narkar da hodar a kan takarda da zafin da ya kusa digiri 200 a ma'aunin Selsiyus. Tana bugawa tana jan wat 300 zuwa 500, lokacin da take ɗaukar zafi kuma fizgarta na iya kusantar wat 1,000. Injin fotokwafi ya fi ta ci, na'urar manna leda a katin shaida ita ma ɗumama take yi. Alamar da mai shago zai gane an yi wa UPS lodin da ya fi ƙarfinsa ita ce ƙarar da yake yi. Idan yana kan batir lafiya lau, kukan nasa a tsinke yake, ɗaya bayan 'yan sakanni. Idan ya ja kuka dogo ba yankewa daidai lokacin da firinta ta fara gurnani, jar fitila ta kama, allo ya mutu, to nauyi ne ya danne shi. Sau da yawa a nan ne ake yanke wa ƙaramin UPS hukuncin rashin inganci, a je a sayo babba, alhali cire waya guda daga bayansa ya isa. Firinta mai tawada ta ruwa, wadda ba ta wuce wat 30, ita ba laifi a jona ta. Fanka da cajin wayoyin maƙwabta kuwa, duk ƙanƙantarsu, minti suke ci daga rabon kwamfuta.

Tambaya ta biyu, ta minti, ita ce aka fi jahilta, domin VA ba ya faɗin komai a kanta. Abin da ke faɗi shi ne batirin da ke ciki. A kwance kusoshi huɗu na UPS mai 650VA, abin da za a tarar galibi baƙin batir ne guda, mai nauyin kilo biyu da ɗoriya, an rubuta masa 12V 7Ah. A ninka 12 da 7, an sami 84, wato a takarda zai ba da wat 84 na tsawon awa guda. Amma wannan 7Ah an auna shi ne bisa sharaɗin a riƙa tsotsar batirin a hankali cikin awa 20. Batirin dalma irin wannan yana da ɗabi'ar da injiniyoyi suka sani tun ƙarni na 19: gwargwadon saurin da aka ja shi, gwargwadon raguwar abin da zai bayar gaba ɗaya. Ga kuma abin da ke salwanta ya zama zafi wajen mayar da bolt 12 zuwa 230. Sakamakon haka, sabon batir irin wannan da aka ɗora wa wat 100 zuwa 135 yakan riƙe tsakanin minti 10 da 20, idan aka ɗora masa wat 300 kuma ya faɗo zuwa minti uku ko huɗu. Ninka nauyi sau biyu yana rage lokaci fiye da rabi. Mai 1200VA yakan zo da irin wannan batir guda biyu, mai 1500VA kuma sau da yawa biyu masu 9Ah. A kan kwamfuta guda, waɗannan za su iya kai mutum rabin awa ko su ɗan haura. Babu ɗayansu da zai kai shi magariba. Akwai ma akwatunan da aka ƙara wa lamba a jiki amma batirin ciki bai canza ba, shi ya sa ya kamata mai saye ya ɗaga su a hannu ya ji, ya kuma tambayi batir nawa ne a ciki da abin da aka rubuta a jikinsu. UPS da ke iƙirarin 2000VA amma yaro ya ɗaga shi da hannu ɗaya abin tuhuma ne.

To minti nawa ake bukata? Wannan ya danganta da abin da ke biyo bayan ɗaukewar wuta a wurin. Malamin da ke haɗa sakamako a gida, ba shi da janareta, bukatarsa ya adana aiki ya kashe na'ura, kuma minti uku sun isa. Mai shagon da janaretansa ke bakin ƙofa yana bukatar ya tashi, ya fita, ya ja igiya sau biyu ko uku, ya jira injin ya daidaita, ya juya makunnin canji. A ba shi minti biyar, a ninka saboda ranar da fulogi zai yi gardama ko mai ya ƙare sai an tsiyayo daga galan, ya zama goma. Wanda ke tsakiyar cike wa ɗalibi fom a intanet, an riga an cire kuɗi daga asusu ana jiran shafi ya buɗe, shi ne ya fi kowa bukatar rara, kuma shi ne ya wajaba ya jona na'urar intanet ɗinsa a UPS, domin kwamfuta a kunne ba intanet ba ta tsinana masa komai a wannan hali. Ko shi ɗin, rubu'in awa ya ishe shi. Duk waɗannan bukatu suna cikin abin da mai 650VA zuwa 1200VA ke iya yi, gwargwadon yawan kwamfutocin.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, wannan lissafi na inda wuta ke ƙiftawa ta dawo ne. A tsarin da hukumar NERC ta shimfiɗa wa kamfanonin rarraba lantarki, har da KEDCO da ke kula da Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, an kasa masu amfani da wuta rukuni biyar: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Layukan karkara ba su cika samun kansu a rukunin sama ba. A Oktoban 2024, matsalar da ta sami manyan layukan dakon wuta na Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir ta bar galibin jihohin Arewa, har da Kano, cikin duhu fiye da mako guda. Janareta kuma ya daina zama mafita mai sauƙi tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, ta tsallake 1,000 a ƙarshen 2024. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ji mai wannan hujja, awanni yake nema, don haka gara ya sayi mafi girman UPS da aljihunsa zai iya.

Bukatar gaskiya ce, amma lissafi bai goyi bayan maganin ba. Kwamfutar nan mai jan wat 135, idan ana so ta yi aikin awa shida, tana bukatar 810 a ma'aunin wat na awa, a ce 1,000 idan an haɗa da abin da ke salwanta. Batirin dalma kuma idan ana so ya yi ƙarko ba a sauke shi ƙasa da rabi, saboda haka sai an tanadi mai ɗaukar 2,000. Wannan shi ne aikin babban batirin inbata mai 12V 200Ah, wanda ke ɗaukar 2,400, kusan ninki 29 na ɗan batirin da ke cikin mai 650VA, kuma nauyinsa ya kai na buhun siminti ko ya fi. Tsakanin ƙaramin UPS da babba, bambancin minti 15 ne da minti 40. Tsakanin babban UPS da abin da mai neman awanni ke so, tazarar ta kusa ninki goma. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi mai 2000VA don ya yi aikin yini ya kashe abin da da ya zama kafin alƙalami na inbata da faifan sola, kuma bai matsa kusa da biyan bukatarsa ba. Shawarar da ta fi masa ita ce ya sayi UPS daidai kwamfutarsa yanzu, ya tara ragowar don sola, wadda rana a wannan yanki ba ta yi mata rowa. Inbata mai kyau ma da kanta tana iya juyawa da saurin da kwamfuta ba za ta mutu ba, kuma wanda ya mallaki irinta ba lallai ya sake bukatar UPS ba.

Akwai dabarar da ta yaɗu wadda ya kamata a yi magana a kanta kai tsaye: a fasa gefen ƙaramin UPS, a zaro wayoyi biyu, a jona su da batirin mota ko na babbar mota. Ranar farko abin yana burgewa, kwamfuta ta yi awa biyu ba wuta. Amma an ƙera taransifomar da ke cikin wannan akwati ne don ta yi aikin 'yan mintuna ta huta, shi ya sa yawancinsu ba su da fanka a ciki. Idan aka sa ta aikin awanni sai ta yi zafin da zai narkar da rufin wayoyinta, kuma a shagon da ke cike da takardu wannan hanyar gobara ce. Cajar da ke ciki ma an yi ta ne don batir mai 7Ah, abin da take turawa bai cika wuce amfiya guda ba, don haka cika batir mai 100Ah zai ɗauke ta kwanaki ana wuta ba yankewa. Shi kansa batirin mota an yi shi ne don ya ba da fizga guda ta tayar da inji, ba ya jure a riƙa sauke shi ƙasa kullum, ga iskar da yake fitarwa lokacin caji wadda ke kamawa da wuta a rufaffen ɗaki. Masu gyaran da ke yin wannan haɗi taimako suke nufi, amma kayan ba su yarda ba.

Wani kuma zai ce ko ba don awanni ba, babba ya fi kwanciyar hankali, tunda gobe ana iya ƙara kwamfuta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa aka ƙara rubu'i a lissafi, kuma wanda ya tabbata zai ƙara na'ura ta biyu cikin 'yan watanni ya kyautu ya lissafa da ita tun yau. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne batir kayan ƙarewa ne, kuma a ƙasarmu yana ƙarewa da wuri. Shekara uku zuwa biyar da kamfanoni ke ambata an gina su ne a kan ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwar batir biyu. A Afrilu zafin ƙasar Kano yana kai digiri 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano da UPS ke ƙarƙashin tebur, jingine da bango, ƙurar hunturu ta toshe masa ramukan shan iska. A irin wannan wuri batir ya shekara ɗaya da rabi ya yi ƙoƙari. Idan aka buɗe za a gan shi ya kumbura ta gefe, wani har ya tsage, farin gari ya taru a kan sandunansa. Mai babban UPS batir biyu zai canza kowane zagaye, kuma dole ya canza su tare, domin sabo da tsoho in an haɗa su tsohon ne ke jan sabon ƙasa. Ƙarfin da aka saya aka ajiye don wata rana yana tsufa ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Ɗaga akwatin daga ƙasa a sa shi inda iska ke ratsawa, nesa da bangon da rana ke duka, ya fi ƙara masa kwana fiye da ƙarin VA.

Caji ma yana cikin lissafin girma. Ƙaramin UPS da aka sauke har ƙasa yana bukatar awa shida zuwa takwas kafin ya cika. Inda wuta ke zuwa awa huɗu, wanda ya saba barin kwamfuta a kunne har UPS ya mutu da kansa zai wayi gari kullum da batirin da bai cika ba, kuma batirin dalma da ke kwana a sauke yana yin tsatsar ciki da ba ta warkewa. Cikin 'yan watanni minti 15 ya koma biyu. Wanda ya adana aikinsa ya kashe cikin minti uku kuwa ɗan kaɗan ya ɗiba, awa ɗaya ko biyu na wuta ko na janareta sun mayar masa da shi.

Bayan girma, akwai nau'i, kuma a garuruwan da ke ƙarshen dogon layi wannan yana iya fin girman muhimmanci. Kowa ya san wutar da ke zuwa ba ta cika ba, ƙwan fitila ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar. UPS mafi araha, idan ya ga bolt ya faɗi ƙasa da abin da ya yarda da shi, sai ya koma kan batir alhali ga wuta a soket, ya yi ta kuka har ya ƙare, ranar da aka ɗauke wutar da gaske kuma a same shi fanko. Nau'i na biyu yana da sitabilaiza a cikinsa, ana rubuta masa AVR a jiki, yana ɗaga wutar da ta yi ƙasa ya sauke wadda ta yi sama ba tare da ya taɓa batir ba. Yawancinsu suna karɓar wuta daga wajen bolt 140 ko 160 zuwa kusan 290, kuma wannan tazara a rubuce take a bayan akwati ko a takardar cikin kwali. Ga mai kwamfuta a Kademi ko Toranke ko Balare, mai 650VA da ke da AVR ya fi mai 1200VA da ba shi da shi. Nau'i na uku, wanda kullum yake sarrafa wutar da kansa kafin ya miƙa ta, shi ake sa wa a bankuna da manyan cibiyoyin jarrabawa. Yana da tsada ƙwarai kuma shagon kwamfuta ɗaya ko biyu ba ya bukatarsa. Ƙaramin janareta shi ma yana da nasa hali: idan gudunsa yana hawa da sauka, wasu UPS ba sa amincewa da wutarsa, sai a ji suna ƙaf-ƙaf suna shiga batir suna fita. Gyaran injin ko rage masa lodi ne maganin wannan, canza UPS zuwa babba ba ya kawar da shi. Tsawa kuma ta fi ƙarfin kowane irinsu, don haka idan hadarin damina ya haɗo, zare filogi daga bango shi ne kariya.

Saura masu cewa a bar duk wannan wahala a sayi laftof, tunda tana da batirinta kuma ba ta jan abin da ya wuce wat 30 zuwa 65. Ga wanda zai fara saye yau, kuma aikinsa rubutu ne da intanet, wannan shawara ce mai kyau, ba na jayayya da ita. Sai dai dubban kwamfutocin tebur sun riga sun shiga makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi da shaguna, sun fi sauƙin gyara, kayansu sun fi samuwa, sun fi jure hannun ɗalibai masu koyo, kuma ba a saka su a jaka a fice da su. Laftof 'yar gwanjo ma sau da yawa da mataccen batir take zuwa, ta koma kwamfutar tebur a fakaice. Makarantar da ke da kwamfuta goma a ɗaki guda ita ce lissafinta ya bambanta: jimlarta ta haura wat 1,200, kuma a nan inbata guda mai ƙarfi da batura da sola ta fi ƙananan UPS goma da za a riƙa bin baturansu ɗaya bayan ɗaya.

Ko an yi lissafi daidai, batirin da ya daɗe a kan kanta yana iya zama rabin matacce tun a kwali, domin batirin dalma yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, zafin sito kuma yana gaggauta hakan. Saboda haka a nemi ranar ƙira a jikin kwali ko batir, a kuma yi sharaɗi da mai kaya cewa za a gwada. Gwajin ba shi da wuya. A bar UPS a caji awa takwas, a jona kwamfuta da allo kaɗai, a adana duk abin da ke buɗe, a zare filogi daga bango, a duba agogo har zuwa lokacin da kukan ya fara sauri. Idan sabon mai 650VA bai riƙe kwamfutar ofis guda minti goma ba, a mayar da shi tun rasit bai ɓace ba. Idan ya riƙe, a rubuta mintunan da kwanan wata a ɗan tef a manna a jikinsa, a maimaita gwajin bayan kowane wata uku, musamman bayan zafin bazara. Ranar da mintunan suka faɗo rabin na farko, batirin ne za a canza da mai lamba iri ɗaya, akwatin yana nan da sauran aikinsa. Tsohon batirin kuma a kai wa masu sayen matattun batura, kada a fasa shi a gida ko a bar shi inda yara ke wasa, domin dalma da ruwan asid ne a cikinsa.